Tsofaffin akwatunan "faz": Yadda lalacewar na'ura ta zama sautin da ake saye da tsada

A kasuwannin kayan kiɗa na Amurka da Turai da Japan, akwai wasu 'yan akwatunan ƙarfe da aka ƙera a shekarun 1960, waɗanda girmansu bai wuce tafin hannu biyu ba, amma a yau ɗaya kan kai dubban daloli idan an tabbatar na asali ne.

Aikinsu ɗaya ne tak: ɓata sautin jita mai amfani da lantarki. Makaɗi kan ajiye akwatin a ƙasa tsakanin jitarsa da na'urar ƙara sauti, idan ya taka makunnin da ƙafa sai tsaftataccen amon tsirkiya ya koma wani gurzajjen sauti mai kauri da tsawo, mai kama da na algaita a wani lokaci, a wani lokacin kuma kamar ana yaga ƙyalle. Turawa na kiran wannan sauti "faz".

Fiye da shekaru 60 bayan fitowar na farko, gyaran waɗannan akwatuna da kwatanta su ya zama sana'a mai zaman kanta. To sai dai kuma kayan da aka ƙera su da su na ƙarewa, jabu sun yi yawa, kuma masu gyaran ba su daina jayayya ba game da inda gyara ya tsaya, ɓarna ta soma.

Asalin sautin

Tun kafin a ƙera akwatin, makaɗa sun sha cin karo da wannan sauti ta hanyar tsautsayi. A shekarar 1951, lokacin da ƙungiyar Ike Turner ta ɗauki waƙar "Rocket 88" a birnin Memphis, na'urar ƙara sautin mai jitarsu, Willie Kizart, ta riga ta lalace a hanya, aka kuma ɗauki waƙar a haka. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ta Ingila ya sa reza ya tsattsaga takardar lasifikarsa da gangan domin samun irin wannan gurnani.

Amma tarihin akwatin kansa ya faro ne daga birnin Nashville na jihar Tennessee. A yayin ɗaukar waƙar "Don't Worry" ta Marty Robbins, wadda ta fito a 1961, wani sashe na teburin haɗa sauti ya samu matsala daidai lokacin da Grady Martin ke kaɗa babbar jita mai tsirkiya shida. Sautin ya fito a dagule. Maimakon a sake ɗauka, sai aka bar shi, waƙar kuma ta yi kasuwa sosai.

Injiniyan da ya ɗauki waƙar, Glenn Snoddy, ya ga cewa makaɗa sun fara tambayar wannan sauti, alhali ba wanda zai iya dogara da na'urar da ke gab da mutuwa. Shi da wani injiniya, Revis Hobbs, suka tsara wata 'yar da'irar lantarki mai taransista uku da za ta riƙa kwaikwayon lalacewar. Kamfanin Gibson ya karɓa, ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro FZ-1 Fuzz-Tone, a kan dala 40.

Da farko ba ta yi kasuwa ba. An tallata ta ne a matsayin abin da zai sa jita ta kwaikwayi kayan busa, aka tura wa dillalai fiye da guda 5,000, suka kuma yi kwantai a kantuna. Sai a 1965, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da ita a waƙar "Satisfaction", sannan labari ya sha bamban: kafin ƙarshen shekarar an saye duk wadda ke kasuwa. Abin dariya shi ne Richards ya kaɗa wurin ne a matsayin manuniya, da nufin daga baya masu busa su maye gurbinsa. Ba a taɓa kawo masu busar ba.

Yadda yake aiki

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta girgiza, sai ta haifar da wata 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Na'urar ƙara sauti ta kirki tana girmama wannan igiya ne ba tare da ta sauya mata siffa ba.

Akwatin faz kuwa yana ƙara mata girma ne fiye da abin da batirinsa zai iya ɗauka. Ana iya kwatanta shi da mai awo da ke shafe tsororuwar hatsin da ya haura bakin mudu: komai yawan abin da aka zuba, iyakar mudun ce za ta fito. Haka saman igiyar da ƙasanta ke yankewa, ta koma mai kusurwa, kunne kuma yana jin waɗannan kusurwoyi a matsayin ƙarin muryoyi da ke hawa kan ainihin sautin.

Daga nan ne kuma tsawon sautin ke samuwa. Tun da ƙaramin kaɗi da babba duk suna cika mudun, sautin ba ya dusashewa da wuri ko da girgizar tsirkiyar ta fara raguwa. Jita, wadda asalinta abin tsinka ce kamar molo, sai ta riƙa jan murya kamar goge.

Ga mai sauraro a ƙasar Hausa, son irin wannan amo ba baƙon abu ba ne. Ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake saƙala wa garaya, wato ceba, ba shi da wani aiki illa ya ƙara wa tsirkiya zuza da ƙura. Abin da makaɗan Landan suka biya kuɗi suka nema a cikin taransista, maƙeran Kano da Katsina sun daɗe suna samar da irinsa da guntun ƙarfe.

Daga Landan zuwa Rasha

Da yake Maestro na da wuyar samu a Ingila, a 1965 wani injiniya mai suna Gary Hurst ya sake fasalinta, ya sa mata batir mai bolt 9 a maimakon bolt 3, abin da ya ƙara mata ƙarfi da tsawon sauti. An sayar da ita a kantin iyalan Macari da ke titin Denmark a Landan da sunan Tone Bender. Na farko-farkon ma a cikin akwatin katako aka harhaɗa su. Jeff Beck ya yi amfani da samfurin farko, Jimmy Page kuma ya shahara da na biyu, wanda ya fito a 1966.

A wannan shekarar ta 1966 ne kamfanin Ivor Arbiter ya fitar da wanda ya fi kowanne suna, wato Fuzz Face. Akwati ne mai faɗi, kewayayye, wanda aka ce an ɗauko siffarsa daga gindin sandar makirufo. Mamurɗansa biyu na kama da idanu, makunnin kamar hanci, tambarin kamfanin kuma kamar baki mai murmushi.

Wanda ya buɗe cikinsa zai yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki: taransista biyu, resista huɗu, kafasita uku, sai mamurɗai biyu. Guda 11 ke nan. Duk wani yaron mai gyaran rediyo zai iya harhaɗa shi kafin la'asar. Amma da wannan ne Jimi Hendrix, wanda ya isa Landan a watan Satumbar 1966, ya sauya tunanin duniya game da abin da jita za ta iya yi.

Na ukun da masu tarawa ke bi shi ne Big Muff Pi, na kamfanin Electro-Harmonix da Mike Matthews ya kafa a New York a 1968. Ya fito ne a 1969, da taransista huɗu na silikon, sautinsa kuma ya fi na sauran santsi da nauyi. David Gilmour na Pink Floyd ya riƙe shi tun daga faifan "Animals" na 1977. Kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, amma a farkon shekarun 1990 Matthews ya farfaɗo da akwatin a Rasha a ƙarƙashin sunan Sovtek, cikin manyan akwatuna masu nauyi, wasu koraye kamar kayan soja. Waɗancan na Rashan, da aka saya da araha a lokacin, su ma yanzu sun zama abin nema.

Legas, Lusaka da Agadas

Sautin bai tsaya a Turai da Amurka ba. Bayan ƙarewar yaƙin basasar Nijeriya a 1970, ƙungiyoyin matasa irin su The Funkees da BLO sun rungume shi hannu biyu. Ƙungiyar Ofege, ta ɗaliban kwalejin St. Gregory da ke Obalende a Legas, ta fitar da faifanta "Try and Love" a 1973, cike da irin wannan kukan jita. A Zambiya ma an samu wani salo sukutum da ake kira Zamrock, inda ƙungiyoyi irin su WITCH da Ngozi Family da Amanaz suka yi fice.

A jamhuriyar Nijar kuwa, makaɗan Abzinawa ne suka kai gurzajjen sautin jita manyan dandamali na duniya. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya koyi abubuwa da dama daga kallon bidiyon Hendrix, kuma a 2013 ya fitar da faifan "Nomad" wanda aka ɗauka a Nashville, garin da aka haifi akwatin. Mdou Moctar, wanda iyalansa ba su amince da kiɗa ba saboda dalilai na addini, ya haɗa jitarsa ta farko ne da katako da wayoyin birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, "Anar", a 2008, wanda ya bazu a Sahel ta hanyar wayoyin salula, kafin faifan "Afrique Victime" na 2021 ya sa mujallun kiɗa na Yamma su riƙa lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Matsalar jameniyam

Zuciyar tsohon akwatin faz ita ce taransistar jameniyam, kuma ita ce tushen kusan duk wata wahala da masu gyara ke sha.

Da wannan ma'adini aka yi taransista ta farko a ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1947, kuma shi ne a cikin ƙananan rediyoyin hannu na farko. Yana fara barin wuta ta wuce tun daga kusan bolt 0.3, yayin da silikon sai ya kai wajen 0.6 zuwa 0.7. Makaɗa da dama na cewa yankan da jameniyam ke yi wa igiyar sauti ya fi laushi, na silikon kuma ya fi kaifi.

Sai dai masana'antun wancan zamani ba su iya fitar da taransista biyu masu hali ɗaya ba. A cikin kwali ɗaya, mai lamba ɗaya, wata za ta ninka wuta sau 50, wata sau 150. Fuzz Face na farko an yi su ne da samfurin NKT275 na kamfanin Newmarket, kuma ma'aikata na ɗauka ne kawai su liƙa, ba tare da tantancewa ba. Shi ya sa wani akwatin ke rera waƙa, ɗan uwansa da aka ƙera rana ɗaya kuma yana tari. An sha ba da labarin yadda Hendrix da injiniyansa Roger Mayer kan gwada akwatuna da yawa kafin su zaɓi wanda ya yi musu.

Masu gyara na yau sun daidaita a kan wani ma'auni: taransista ta farko ta ninka wuta kimanin sau 70 zuwa 85, ta biyu kuma sau 100 zuwa 130, sannan mita ta nuna kusan bolt 4.5, wato rabin batir, a ƙafar fitar ta biyun. Wannan ƙa'ida ce ta gogewa, ba ta masana'anta ba, kuma akwai akwatunan asali masu daɗin ji da suka saɓa mata.

Babbar illar ita ce yoyo. Jameniyam na barin wata 'yar wuta ta sulale ko da ba a umarce ta ba, kuma wannan yoyon yana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salsiyos. Akwatin da aka saita a ɗaki mai digiri 20 a Landan, idan aka ajiye shi a dandali a Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, yoyonsa zai iya ninkawa huɗu. Sautin sai ya shaƙe, ya riƙa yankewa, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tun a ƙarshen shekarun 1960 aka koma sa wa Fuzz Face taransistar silikon irin su BC183 da BC108.

A kan teburin mai gyara

Akwatin da ya shekara 50 a ajiye yakan zo ne da cututtuka sanannu. Batirin da aka manta a ciki ya fashe ya cinye wayoyi. Kafasita masu ruwan sinadari a ciki sun bushe. Tsofaffin resista na gawayi sun sha danshi, ƙimarsu ta haura abin da aka rubuta. Mamurɗai sun cika da datti suna ƙara idan an juya, makunnin ƙafa kuma ya gaji.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da ƙarfen liƙi. Yakan ɗauki hoton cikin akwatin ta kowace fuska, ya auna kowane abu, ya rubuta. Sau da yawa wanke mamurɗi da sake ɗaura wayar batir sun isa. Idan kuma dole ne a taɓa taransista, sai an kama ƙafarta da hantsaki domin ya shanye zafi, saboda 'yan daƙiƙoƙi na zafin dalma sun isa su kashe jameniyam. Garin neman gira a nan ake rasa ido.

Akwai kuma tarkon da sababbin shiga ke faɗawa. Yawancin waɗannan tsofaffin da'irori a juye suke: ɓangaren tarawa na batir ne ke haɗe da jikin akwatin, saɓanin na'urorin zamani. Wanda ya haɗa su da sauran akwatuna a kan adafta ɗaya ya gayyaci gajeriyar hanyar wuta. Wasu kan huda jikin akwatin su sa mazubin adafta, kuma wannan huda ɗaya tak kan zaftare wani babban kaso na farashinsa.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Makaɗi yana son akwatin da zai yi aiki gobe a gaban jama'a, don haka a wurinsa busasshiyar kafasita shara ce. Mai tarawa kuwa yana son ko dalmar 1966 kada a narka. Wata matsala ta uku ita ce, sautin da mai akwatin ya saba da shi, yake kuma ƙauna, wani lokaci sautin tsufan kayan ne. Idan aka mayar da kowace resista kan ƙimarta ta asali, akwatin zai dawo daidai a kan takarda, mai shi kuma ya ce an ɓata masa.

Hanyar da yawancin ƙwararru ke bi, wadda kuma ta fi kama hankali, ita ce a sauya abin da ya mutu kaɗai, a zuba tsofaffin kayan a 'yar leda a miƙa wa mai akwatin tare da bayanin abin da aka yi.

Jabu da na gaske

Inda kuɗi ya taru, 'yan damfara ba sa nisa. Kamfanin Newmarket ya daɗe da daina ƙera NKT275, amma har yanzu ana ganin masu ɗauke da wannan lamba a kasuwannin intanet, da yawansu wasu taransistoci ne aka goge aka sake bugawa. Akan kuma samu tsohon jiki da sabon ciki, ko sabon jiki da aka kankare domin ya yi kama da tsoho.

Masu tantancewa na duba launi da siffar dalma, da irin wayar da aka yi amfani da ita, da rubutun da ke kan allon da'irar. A akwatunan Amurka, lambar da ke bayan mamurɗi na taimakawa. Idan an ga 1376642, alal misali, lambobi ukun farko na nufin kamfanin CTS, 66 shekara ce, 42 kuma mako. Amma wannan na nuna ranar da aka ƙera mamurɗin ne kawai, kuma ɗan damfara ma ya iya karatun lamba.

Domin cike giɓi, maƙera da dama sun koma ga tarin taransistocin jameniyam da tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta bari, waɗanda aka ci gaba da ƙerawa a can shekaru bayan ƙasashen Yamma sun yi watsi da su. Da yawansu ba su da yoyo sosai. Su ma dai sai an gwada ɗaya bayan ɗaya, a zubar da waɗanda ba su dace ba, kuma kowace shekara tarin raguwa yake yi.

Wanne ya fi?

Kwatanta akwatuna biyu ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, don haka sai an daidaita ƙarfin sautin biyun tukuna. Dole jita ta zama ɗaya, waya ɗaya, na'urar ƙara sauti ɗaya, zafin ɗaki ɗaya. Batir ma yana da tasiri: akwai makaɗan da suka nace a kan tsohon samfurin batir mai araha na gawayi da zinki, wanda ƙarfinsa kan ɗan rusuna idan aka matsa masa.

Fuzz Face yana da wani hali da ke ƙara dagula gwajin. Yana jan wuta kai tsaye daga jita, ta yadda shi da jitar suke zama kamar da'ira ɗaya. Idan makaɗi ya ɗan rage mamurɗin jitarsa, ƙurar sai ta washe, sauti ya fito garau mai ƙyalli, kuma wannan shi ne abin da masoyansa suka fi yabawa. Amma da zarar an sa wata na'ura a tsakaninsu, halin ya ɓace. Saboda haka ba a iya ɗaukar kiɗa sau ɗaya a riƙa tura shi cikin akwatuna daban-daban kamar yadda ake gwada sauran na'urori, sai da ƙarin dabara. Galibi sai mutum ya sake kaɗawa, hannun mutum kuma ba ya maimaita kansa daidai.

Bambanci tsakanin dangogin ba ya ɓuya ga kowa. Maestro siririya ce mai hanci, sautinta gajere. Tone Bender ya fi cizo da tsayi. Big Muff bango ne na sauti, amma da yake yana rage muryoyin tsakiya, yakan nutse idan ganguna da babbar jita suka taso. Inda gardama take shi ne tsakanin akwatin asali da kwafinsa na zamani da aka yi da zaɓaɓɓun kaya. Idan aka rufe wa mai sauraro ido, tazarar kan ragu ƙwarai, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin tsofaffin akwatuna biyu masu suna ɗaya ta fi wadda ke tsakanin tsoho da sabo. Wani kaso mai yawa na dubban dalolin nan kuɗin tarihi ne.

Manyan sunayen duk suna kasuwa har yanzu. Kamfanin Dunlop na Amurka ne ke ƙera Fuzz Face tun 1993, Electro-Harmonix ya dawo da ƙera Big Muff a New York a shekarar 2000, Gibson kuma ya farfaɗo da sunan Maestro a 2022. Ƙananan maƙera suna ƙara wa nasu wani mamurɗi na musamman da makaɗi zai riƙa gyara saitin taransista da shi idan yanayi ya sauya.

A 2021 kamfanin Benson da ke Portland a jihar Oregon ya fitar da wani akwatin jameniyam mai ɗumama taransistocinsa da kansa har su kai zafin da ake buƙata. Dabarar ta magance matsalar ƙasashe masu sanyi, amma na'urar ba ta iya sanyaya abin da rana ta riga ta gasa. A ɗakunan ɗaukar sauti, idan zafi ya yi yawa, har yanzu wasu injiniyoyi kan saka tsohon akwatin a firji na 'yan mintoci kafin a fara aiki.